Amsa ga mai son haɗa hoton jarumai da abincin da ba nama

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Tambayarki ta taɓa ni, don ciwon da kike faɗa na san shi, kuma da yawanmu muna ɗauke da shi ba mu faɗa ba. Kin ce kin daɗe kina ɗaukar jarumai da mawaƙa, yanzu kina so ki sa kyamararki wajen jawo hankalin mutane ga abincin da ba nama a ciki. Kin ga Mary McCartney, mai ɗaukar hoto ta Birtaniya, ta haɗa biyun ta zauna lafiya, amma ke duk wanda kika tuntuɓa ko ya yi miki dariya ko ya ce nawa za a ba shi, wata ma ta karɓi hotunan ta wallafa babu sunanki. Kina tambaya ko ki ajiye ɗaya ki riƙe ɗaya.

Kada ki ajiye ko ɗaya. Amma ki daina auna kanki da Mary McCartney ba tare da kin duba inda ta tsaya ta fara ba, don wannan awon ne ke karya miki gwiwa. A Landan aka haife ta a 1969, 'yar Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ce, kuma mahaifiyarta Linda ce ta share wannan hanya tun farko. Linda tana ɗaukar mawaƙa a New York tun shekarun 1960, hoton Eric Clapton da ta ɗauka ya hau bangon mujallar Rolling Stone a 1968, ita ce mace ta farko da hoton da ta ɗauka ya kai nan. Ita da mijinta suka bar cin nama a shekarun 1970, ta fitar da littafin girki a 1989, ta kafa kamfanin abinci mai ɗauke da sunanta a 1991, ta rasu a 1998. Wato Mary tashi ta yi ta tarar da kyamara da tukunya a gida ɗaya, da kuma sunan da in ta buga waya ake ɗagawa.

Duk da haka dubi yadda abubuwan suka jeru. A 2000 ita ta ɗauki hotunan farko na jaririn Tony Blair, Firaministan Birtaniya na lokacin. A 2004 ta baje kolin hotunan 'yan rawar Royal Ballet da ta bi su har bayan labule. Sai a 2009 ita da mahaifinta da ƙanwarta Stella suka ƙaddamar da kamfen ɗin Meat Free Monday, wato Litinin ba nama, sai a 2012 littafin girkinta na farko ya fito. A 2015 ta ɗauki Sarauniya Elizabeth a fadar Buckingham, zaune da jan akwatin takardun gwamnati, hoton da aka fitar lokacin da ta zarce kowane sarkin Birtaniya daɗewa a sarauta. Shirin girkinta na talabijin ya zo a 2021. Littafin da ya haɗa biyun sosai, Feeding Creativity, inda take dafa wa fitaccen mutum abinci ta kai masa gida ko wurin aiki su ci tare ta ɗauke shi, sai 2023. Da duk gatan da take da shi, sai da sunanta ya kafu a hoto kafin ta ɗora abinci a kai. Kamfen ɗin nasu kuma bai ce wa kowa ya bar nama ba, rana ɗaya a mako kawai ya roƙa.

Abin da za ki ɗauka a wurinta ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar sunan uba: abincin shi ne hanyar samun hoton. Jarumi ya saba da kyamara, yana da fuskar da ya tanada, da ɓangaren da ya yarda ya fi masa kyau, da murmushin da ya yi sau dubu. Ki ajiye masa faranti a gaba, hannunsa ya samu abin yi, kafaɗa ta sauka, ya fara ba ki labarin ɗanwaken da kakarsa ke yi, nan fuskar gaskiya ke fitowa. Don haka ki daina zuwa musu da maganar "ku taya ni wayar da kan jama'a". Ki ce kina so ki dafa masa abincin da ya fi so yana yaro, ki ɗauke shi yana ci.

Maganar wadda ta wallafa hotonki babu suna kuwa, wallahi ita ta fi tsaya mini. Mutanen da ba sa wannan sana'a ba su san zafin abin ba. Ke kika sayi cefane, ke kika tashi da asuba kika jiƙa wake, ke kika biya kuɗin mota, kika zauna awa uku ana cewa tana kwalliya, kika kwana a gaban kwamfuta kina gyara. Gari na wayewa ki ga hoton a shafinta, an yanke gefen da tambarinki yake, an ɗora masa filtar da ta mayar da fatar kamar an shafa gari, zogalen ya koma launin toka. An gode wa mai kwalliya, an gode wa tela, an gode wa mai ɗaurin kallabi, ke babu. Ki yi wa manaja magana ya ce ai talla aka yi miki, albarkacinta za a san ki. Ta ina za a san wanda ba a ambata ba? In kika matsa a ce kin cika son kuɗi, ba ki da ladabi, a yi ta yaɗawa cewa aiki da ke akwai wahala. Mafi ciwo shi ne bayan wata biyu ki ga wannan hoton a tallar wani gidan abinci, an biya ta, ke ko sisi. Kuma 'yan'uwanmu masu hoto ne za su fara cewa ki yi haƙuri kada a rufe miki ƙofa, wasu ma su je su yi mata kyauta don a sa sunansu. Wannan rububin namu ne ya sa aka raina mu, kuma ba zai gyaru ba sai ranar da muka daina zuwa aiki hannu biyu babu takarda.

Ga abin da za ki yi a kan wannan. Ki ɗauki hoton allon shafin yadda kwanan wata zai fito, ki adana RAW ɗinki, wato asalin fayil ɗin da kyamara ta fitar kafin gyara, a wuri biyu, ki rubuta mata ita kanta saƙo mai ladabi cewa ta sa sunanki ko ta sauke. In ta yi biris, Instagram da Facebook suna da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma RAW ɗin shi ne shaidarki. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tsaya a kan cewa hoto na wanda ya ɗauka ne, in ba wata yarjejeniya ta ce akasin haka ba. Amma ki riƙe ɗaya gefen ma: hoton naki ne, fuskar tata ce. Ba ki da damar ɗora fuskar mutum a kan kira irin wannan ba da yardarsa ba, musamman in aikin biki ko na gida ya kira ki.

Shi ya sa takarda, ko da shafi ɗaya. A rubuta inda hotunan za su fito, shafinki ne kawai ko har littafi da baje koli, da tsawon lokacin da aka yarda. A rubuta cewa duk inda ta sa, sunanki zai biyo, ba yankewa, ba filta. A rubuta cewa babu kamfanin da zai yi talla da su sai an sake zama. Sai layin da zai kwantar mata da hankali, a kan abin da ke sa da yawansu gudu: ba za a nuna ta a matsayin wadda ta bar cin nama ba, abinci ɗaya kawai ta ci a teburinki. Ita za ta sa hannu, ba manaja ba, don manaja yau yana nan gobe an kore shi. Ki tura mata goma zuwa sha biyar ƙanana masu tambari a tsakiya ta zaɓi uku zuwa biyar. RAW ba ya fita daga hannunki ko da wasa. In aikin biya ne, rabi kafin alƙalami. In za ki tura na ƙarshe ta WhatsApp ki tura a matsayin fayil, don in kika tura a matsayin hoto yana matse shi ya kuma goge bayanan da kyamara ta rubuta a ciki, har da sunanki.

Ranar ɗauka, ki fara da fuska kafin abinci. Minti goma na hoto tsaf, jan baki bai goge ba, manja bai ɗiga a shadda ba. In komai ya lalace daga baya kina da abin ba ta. Tebur ya zauna kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga taga, haske ya zo ta gefe, ki kashe duk ƙwan ɗakin. Hasken taga da na ƙwai launinsu daban, in suka haɗu rabin fuska ya yi ja rabi ya yi shuɗi-shuɗi, kuma gyaransa azaba ne. Ɗaya gefen ki jingina farin kwali ya mayar da haske cikin inuwa. Lens, wato gilashin gaban kyamara, mai milimita 85 da muka saba da shi a fuska ya yi matsi a tebur, zai ba ki mutum ya yanke faranti. Ki sa 50, in ɗakin ƙarami ne 35, amma da 35 kada ki matso sosai, hannun da ke kusa da ke zai kumbura ya fi kai girma. Ki bar f/1.8 a gida, wato buɗe ƙofar hasken lens sosai: ido zai fito, abinci ya narke. Tsakanin f/2.8 da f/4 ya fi. Mai ci yana magana yana motsi, don haka kada saurin ɗauka ya sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa, ki bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau 800 ko 1600, ɗan yashi a hoto ya fi hoton da ya girgiza. In dare ya tilasta miki ƙwan LED, wasunsu suna ƙyaftawa da wutarmu mai zagaye 50 a daƙiƙa, sai ki ga ratsi-ratsi a hoton, maganinsa ki koma 1/100 ko 1/50 ki roƙi mutum ya ɗan tsaya.

Kada ki taɓa ɗaukar mutum yana tauna. Babu wanda ke kyau a nan, kuma hoto ɗaya irin wannan ya fita, babu jarumar da za ta sake zama a teburinki. Lokutan ukun da ke da kyau su ne sa'ad da hannu ya nufi faranti, sa'ad da aka yanko loma aka ɗaga kai ana magana, da bayan an haɗiye an yi dariya.

Farin faranti abokin gabarki ne. In kika buɗe haske don baƙar fata ta fito da kyau, farin faranti da farar shadda su ƙone, babu abin da za ki ceto. Kwanon silba kuma madubi ne, za ki ga kanki a ciki da kyamara. Akushi, ƙwarya, kaskon ƙasa, faifai, ko faranti mai duhu marar ƙyalli, su ne ke riƙe haske daidai da fata. Tunda na taɓo fata bari in faɗa, ko da ba ki tambaya ba: wannan "a ƙara mini haske" da ake matsa mana da shi ya ɓata mana hotuna da yawa. In kika ja fata ta yi fari, duk launukan da ke kusa sai sun bi ta, tumatir ya koma ruwan hoda, manja ya koɗe. Ki gyara fata daban, abinci daban, kuma ki gaya mata tun kafin a fara cewa a wannan aikin launinta na gaskiya zai fito.

Abincin kansa ki dafa kashi biyu, ɗaya na hoto shi kaɗai kafin baƙuwa ta iso, ɗaya na ci. Na shi kaɗai ki kafa kyamara a kan ƙafarta, ISO 100 ko 200, f/5.6, haske daga baya ko gefen baya. Hasken gaba, musamman filashar kan kyamara, yana shafe abinci ya zama kamar an liƙa shi. Abin da ke shimfiɗe, irin kwaɗo da ɗanwake, daga sama. Mai tudu, irin tuwo da alale, daga gefe a karkace.

Abincinmu yana da daɗi amma ba ya yi wa kyamara biyayya, kowanne da halinsa. Zogale in ya daɗe a wuta koren sa ya mutu ya koma duhu, haka in tsami ya taɓa shi. Ki ware danƙi ɗaya na ɗanyen ganye, ki jefa a tafasasshen ruwa minti ɗaya, ki tsame ki zuba a ruwan ƙanƙara, ki tsane, shi za ki barbaɗa a sama. Lemon tsami sai an gama ɗauka. Kanwa tana riƙe kore, gaskiya ne, amma tana kashe wasu sinadaran ganyen kuma tana sa shi ya yi laɓo-laɓo, ban ba ki shawararta ba. Ƙuli-ƙulin da aka daka lukui yana shan mai da ruwan tumatir, cikin minti goma kwaɗo ya cakuɗe ya zama abu ɗaya, don haka ki bar wani da ɗan tsakuwa-tsakuwa na sama, albasa da tumatir a yanka a ƙarshe. Ɗanwake da an tsame shi yake fara bushewa yana mannewa, ga shi kuka da kanwa sun ba shi launi mai duhu. Ki shafa masa man gyaɗa kaɗan da burushi, yaji a gefe ɗaya ba a ko'ina ba, kabeji da tumatir su ɗaga shi. Awara da ƙosai minti biyar gare su bayan fita daga mai, daga nan ƙyallin ya tafi. Ki shirya haske da komai da faranti na gwaji tukuna, sannan a soya, ki kuma ɓare ɗaya a ga cikinsa.

Miyar kuka ita ce jarrabawa. Daga sama ba ta da kyan gani, kowa ya sani. Ki sauko ƙasa kusan daidai bakin kwano, bango mai duhu a baya, haske daga baya, a kashe fanka, a kwance malmalar tuwo daga leda a lokacin, don in ya sha iska yana yin ɓawo. Tururin da zai tashi shi ne hoton, da hannun da ya yanko loma miyar tana bin ta. In ƙyallin mai ya yi yawa, gilashin folaraiza a gaban lens yana rage shi, amma yana cin haske kusan mataki ɗaya da rabi, kowane mataki kuma rabin hasken yake ragewa, ki lissafa da shi.

Sai ki kula da abin da kike rubutawa a ƙarƙashin hoto. In kika ce babu komai na dabba, to ya zama babu. Dunƙulen ɗanɗano da yawa na kaza ne ko na nama, ana zuba garin kirefish a alale da miya ba a ma faɗa, ana tsoma awara a ƙwai kafin suya, ana sa man shanu a tuwo, fura da nono take tafiya. Daddawa da albasa da aka soya sosai za su ba ki ɗanɗanon da kike nema. Ita kanta Mary littafinta na 2012 akwai ƙwai da cuku a ciki, nama da kifi ne babu. Ki zaɓi wanda kike nufi ki faɗe shi da gaskiya.

Dariyar da ake yi miki kuma ina ganin daga hujjar da kike ɗaukowa ne. Kamfen ɗin su Mary ya tashi ne a ƙasar da mutane da yawa ke cin nama kusan kullum, ya jingina da rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006 da ya ɗora wa kiwon dabbobi kashi 18 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, adadin da hukumar ta mayar 14.5 a 2013. A wurinmu gidaje da yawa sai an yi sati ba a ga tsoka ba. Ki je ki ce wa wannan ya rage nama, dole ya yi dariya, ko ya ji haushi. Ga shi nama halal ne, layya ibada ce, mahauta da makiyaya da shi suke ci da iyalinsu. Babu jarumin da zai yarda a gan shi kamar yana yaƙi da waɗannan, kuma yana da gaskiya. Abin da ke gabanki daban ne: kwaɗon rama, fate, dambun zogale, wake da shinkafa, kunun gyaɗa, an mayar da su abin kunya, abincin talaka, wanda ba a fitarwa gaban baƙo. Ranar da aka ga wadda ake kallo a fim zaune gaban akushin ɗanwake tana murna, an ɗauke ta da darajar da ake ɗaukar amarya, kin yi aikin, ba sai kin rubuta wa'azi ba.

In mabiyanki suka fara tambayar lafiya, kada ki zama likita. Abin da za ki iya faɗa ba tare da tsoro ba kaɗan ne. Wake da hatsi suna cike wa juna giɓin sinadarin gina jiki. Ƙarfen da ke cikin wake da ganye jiki ya fi ɗaukarsa in an haɗa da tumatir ko lemo, shayi a kan abinci kuma yana rage shi. Bitamin B12 ba a dogara da tsirrai a same shi, duk wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da nono gaba ɗaya sai ya nemi ƙwayarsa. Mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara ki tura su asibiti, kada ki bari hotonki ya sa wata ta hana ɗanta ƙwai.

Kuɗi kuwa, a farko daga hoton fuska da na biki zai ci gaba da zuwa, wannan ɗin zai ci daga aljihunki, ki ware masa abin da ba zai taɓa kuɗin haya ba. Daga baya masu gidajen abinci da masu sarrafa waken suya da garin zogale su ne za su biya, in sun ga kin iya fito da miyar kuka. Kuma ki bar manyan nan tukuna. Ki fara da mawaƙi mai tasowa, marubuciya, ɗan ƙwallo, mai ɗinki da aka sani a gari, mutanen da za su zo a kan lokaci su kuma sa hannu a takarda ba gardama. Ki tara shida zuwa takwas kafin ki saki ko ɗaya, da haske iri ɗaya da tsari iri ɗaya, kowanne da fuska ɗaya, faranti ɗaya, da yadda ake dafawa a taƙaice da ma'auni na gaske, kofi nawa, cokali nawa, wanda ke da kanki kika gwada ya yi. Sai ki riƙa saki ɗaya duk mako a rana ɗaya, sannan ki koma wa manyan da waɗannan a hannu.